Eko ko CT: wane hoton zuciya ya dace da Baba?

Tambaya: Likita, mahaifina yana da shekara 64, kuma ya daɗe da hawan jini. Wata biyu ke nan, da ya ɗan yi tafiya sai haki, ƙafafunsa kuma sun kumbura. An rubuta masa eko, amma yayana ya ce gara CT tunda ya fi tsada. Ni ma ina so a ɗauke ni, ko da yake lafiyata ƙalau.

Amsa: Allah ya ba Baba lafiya. Ku yi masa ekon nan, kada ku ja lokaci. Haki da kumburin ƙafa ga mai hawan jini suna sa mu zargi cewa zuciya ta fara gajiya, kuma eko ne ke nuna hakan. Irin sikanin da ake yi wa masu juna biyu ne. Zai kwanta ta gefen hagu, a shafa masa wani mai mai sanyi a ƙirji, a ɗora na'ura, cikin kamar rabin awa a ga zuciyar tana bugawa: kaurin bangonta, yadda ƙofofinta ke buɗewa da rufewa, da yawan jinin da take turawa. Lafiyayyar zuciya takan tura kashi 55 zuwa 70 cikin ɗari na jinin da ke babban ɗakinta na hagu a kowane bugu. In ya faɗi ƙasa da 40, akwai magungunan da za a ɗora shi a kai. Ba allura, ba hasken X-ray.

CT kuwa aikinsa daban: duba jijiyoyin da ke shayar da zuciyar kanta, ko sun toshe. Ya fi amfani ga mai ciwon ƙirji. Yana amfani da X-ray, ana kuma ɗura wani ruwa a jijiya da kan wahalar da ƙodar da ta riga ta raunana, abin da akan iya samu ga wanda ya daɗe da hawan jini. Ka gaya wa yayanka tsada ba ta shiga wannan lissafi.

Kai kuma, ban ga dalili ba tukuna. Hoton da aka ɗauki mai lafiya yakan tono ɗan abin da ba zai taɓa cutar da shi ba, daga nan sai fargaba da gwaji bayan gwaji. Sai dai in wani a danginku ya faɗi ya rasu kwatsam da ƙuruciyarsa, to wannan ka faɗa wa likita. In babu, auna hawan jini da suga da kitsen jini ya ishe ka.

Idan Baba ya kasa kwanciya saboda numfashi, ko ƙirjinsa ya ɗaure yana zufa, ku wuce da shi asibiti nan take, ko da ranar ekon ba ta zo ba.