Amsa ga mai son daina shan lemon kwalba

Ɗan'uwa, ka ce kullum sai ka sha lemon kwalba biyu ko uku, duk sanda ka ce ka daina bayan kwana uku sai ka koma. Nima haka na yi fama, matsalar ita ce "na daina" ba buri bane, fata ne kawai. Saka lamba da lokaci, misali daga uku zuwa ɗaya a rana na sati biyu, sannan sau biyu a sati.

Amma abin da ya fi yi min aiki shi ne gano abin da ke kirana. Ni bayan azahar ne, na ci shinkafa da wake a shago ga zafi ga firij ɗin maƙwabcina yana kallona, hannu ke zuwa da kansa wallahi. Sai na tsara tun da safe cewa in na gama ci ruwan sanyi zan ɗauka, na ajiye shi a gefen kujera. Ba a cire ɗabi'a a bar gurbinta haka nan.

Kar ka koma zoɓo ko kunun aya da aka zabga wa suga kana ganin ka tsira, duk kanwar ja ce. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce babba kar ya wuce kamar giram 50 na suga a rana, lemon 50cl ɗaya na iya cinye wannan. In ka zame rana ɗaya ci gaba kawai washegari.

In kana yawan ƙishirwa, fitsarin dare ko rama, je asibiti a auna maka suga tukuna.