Ku Tambayi Anti: Jikina ya gaji, kuma mausim (lokacin zuwan alhazai) bai ma yi rabi ba

TAMBAYA: Salamu alaikum Anti, dan Allah ki taimaka min da shawara. Ni a Makka nake zaune wajen Misfala, girki nake yi wa alhazanmu, tuwo da miyar kuka da dambu, tun daga azumi har bayan Arfa babu hutu. Karfe uku na dare nake tashi, kafin in kwanta sha biyu ta wuce, shi ma ga waya 'yan gida kowa da bukatarsa. Yanzu kullum ciwon kai, zuciyata na bugawa, abu kadan sai in hau yarana da fada. Shayi da lemon kara kuzari ne ke rike da ni sai Panadol. Kar ki ce in bar aikin, da kudin wadannan watannin muke cin shekara.
Daga wata 'yar uwa a Makka

AMSA: Wa alaikumus salam kanwata, sannu, Allah ya sa wa nema albarka. Ba zan ce ki bar aiki ba, na san hayar daki da kudin makarantar yara da na asibitin tsohuwa a gida duk a cikin tukunyar nan suke. Amma maganar bugun zuciyar nan da ciwon kai kullum ita zan fara tabawa don ta fi damuna, ki shiga saidaliyya, wato kantin magani, ko wani mustausaf, karamin asibitin unguwa, a auna miki jini a wannan satin, ba bayan Hajji ba. In aka auna sau biyu ko uku a ranaku daban yana kai 140/90 ko ya wuce to likita za ki gani, hawan jini baya jiran alhazai su koma gida. In kuma kika ji kirji ya rike ko numfashi na yankewa ko gefen jiki ya yi sanyi, 997 ne lambar motar asibiti ta Hilal Ahmar, hukumar agajin gaggawa ta Saudiyya, a kira kawai kar a tsaya shafa man zafi.

To sauran kuma, kin ga mace mai aiki irin naki in aka ce mata ta rika barcin awa bakwai da motsa jiki da cin ganye dariya za ta yi, don ba ta da wannan lokacin. Abinda kike da shi wanda baya motsi duk rintsi shi ne salloli biyar, ko gobara ake a kicin in aka kira salla a Harami za ki ajiye muciya. To ki daura kananan abubuwan da za su rike miki jiki a jikin sallolin nan, sai ya zama ba sai kin tuna ba, kiran salla ne zai tuna miki.

Ruwa shi ne na farko. Duk alwala ki sha kofi biyu kafin ki tada kabbara, kofi goma ke nan a wuni ban da wanda za ki sha a tsakani, kuma wallahi ina kyautata zaton rabin ciwon kan nan kishirwa ce, don mai tsayuwa gaban wuta a garin Makka gumin da take zubarwa ba kadan ba ne kuma ba ta ankara saboda iskar busasshiya ce, kafin ya jika riga ya bushe. Ki tuna Hajjin 2024 da zafi ya haura digiri 51 a Harami, mutum sama da 1,300 suka rasu, yawanci zafin ne. Hukumar kasar nan ma da kanta ta hana sa ma'aikata aiki a cikin rana daga 12 zuwa 3 na rana, tun 15 ga Yuni har 15 ga Satumba, ke kuwa taki ranar tana cikin daki, gas hudu a kunne. Ki rika duba fitsarinki, in ya yi ja kamar shayi ruwa bai isa ba. Ranar da gumi ya yi yawa ki sha laban, wato nono, ko ruwan gishiri da suga, lita daya na ruwa da karamin cokali shida na suga da rabin karamin cokali na gishiri, sai dai in an tabbatar kina da hawan jini ko suga ki fara tambayar likita.

Lemon kara kuzarin nan ki rabu da shi Anti ta roke ki. Bashi yake ba ki da rana ya karba da dare da riba, sinadarin caffeine mai hana barci da ke cikinsa sai ya yi wajen awa biyar rabinsa bai bar jini ba, shi ya sa ki kwanta a gajiye likis amma ido ya ki rufuwa zuciya na dukan uku-uku. Tun 2017 Saudiyya ta sa masa harajin kashi 100 cikin 100, ba don yana gyara jiki ba. Shayi ki sha abinki da safe, daga la'asar kuma kalas. Panadol ma in ana hadiya kusan kullum shi da kansa yana dawo da ciwon kai, su diclofenac da ibuprofen kuwa a jikin da ba ruwa koda suke taba wa, kar wata makwabciya ta miko miki ki karba.

Sai kailula. Bayan azahar in an gama zuba na rana, minti ashirin, ki sa alam a waya ki juya ta kife, ki ce wa babbar 'yarki ko abokiyar aikinki ta rike wurin. Sunna ce, kuma garin nan dama a kanta aka gina shi, ba ki ga shaguna na rufewa da rana ba? Kar ki wuce rabin awa dai, in ba haka ba za ki tashi kai ya yi nauyi.

Abinci kuma, abin da ke ba ni takaici da masu girki shi ne su ciyar da mutum dari su kuma su wuni da dandanon miya. Kafin ki dora tukunyar farko bayan asuba ki zauna, zama na gaske, ki ci tamis da ful, wato gurasa da dafaffen wake, ko kwai da dabino uku, kwanonki kuma ki fara zuba shi ki rufe kafin na kowa.

Wayar 'yan gida ita ce mai wuya na sani, don in ba ki dauka ba a ce kin samu duniya kin manta da mutane. Ki yi musu sakon murya guda a guruf din gida, ki ce lokacin aiki ne, ranar Juma'a bayan la'asar za ki rika sauraron kowa, in ba rasuwa ko rashin lafiya ba a jira Juma'a. Za su yi guna-guni sati daya su saba. Wannan awar da kike kashewa a WhatsApp bayan isha'i ita ce za ta mayar da barcinki daga awa uku zuwa hudu da wani abu, a hada da kailula, kin ga an fara samun abin kamawa. Fadan da kike yi wa yara ba halinki ba ne, rashin barci ne, ki rage musu da kanki za ki gani.

TAMBAYA: Anti ni direba ne a Jidda, ina jigilar alhazai Makka da Madina, wani lokaci barci na fizgata a kan hanya. Me zan sha?

AMSA: Dana, babu abin sha da ke maye gurbin barci, kuma rayukan bayin Allah ne a bayanka. Makka zuwa Madina ya haura kilomita 400, hanya mikakkiya ba kwana, irinta ce ke sa ido ya rufe dakika uku mutum bai sani ba, a gudun 120 kuwa dakika ukun nan mita 100 ce motar ta yi ba direba. Da ka fara hamma ko ka kasa tuna inda ka wuce yanzu, ka shiga mahadda ta gaba, wato gidan mai, ka faka, ka sha gahawa kofi daya sannan ka kwantar da kujera minti ashirin, kafin ka farka ta fara aiki. Bude gilashi da kara sautin karatu ba sa hana komai. Tsakanin sawu biyu kuma ka kwanta barci na sosai ko da za ka rasa lodi daya, in mai motar ya matsa ka fada masa a gaban alhazan cewa ba ka yi barci ba, su da kansu za su ce a jira.