Amsa: giya ce ke jawo kisan kai, ko dama can mutum mugu ne?

Ɗan'uwa, ka tambaya ko giya na sa mutum ya yi kisa, ko kuwa mai mugun hali ne kawai ke fakewa da ita. Ni dai ina ganin abin da ya faru a Rasha ya isa a duba.

A 1985 Gorbachev, shugaban Tarayyar Sobiyet (wadda Rasha ke cikinta a lokacin), ya ɗaura yaƙi da shaye-shaye: aka ƙara kuɗin vodka (wata giya mai ƙarfi), aka hana sayarwa sai daga ƙarfe 2 na rana zuwa 7 na yamma, har gonakin inabi aka sare. Kafin a je ko'ina kashe-kashe suka ragu. Mutanen dai su ne, halinsu bai canja ba, kwalbar ce ta yi musu nisa. Da aka sassauta dokar, tarayyar kuma ta rushe a 1991, vodka ta yi arha, abin ya dawo ya ninka. A 1994 kisan kai a Rasha ya haura mutum 30 cikin kowane 100,000.

Kuma galibi ba 'yan fashi ba ne. Abokai ne ko miji da mata zaune a kicin, an sha an yi tatul, sai gardama kan abin da bai taka kara ya karya ba, ga wuƙar yanka burodi a kan tebur. Sau da yawa shi ma mamacin a buge yake.

Amma fa kada a ɗora wa giya komai, talauci da lalacewar doka a shekarun nan sun taimaka. Yadda ake shan ma abin dubawa ne: Faransawa na shan giyar inabi sosai, amma kaɗan-kaɗan tare da abinci, kuma kisan kai a wurinsu bai ko kama ƙafar na Rasha ba.