Abin da ke fitar da mu daji gashin nama a Amurka

Kawu, ka tambayi dalilin da zai sa magidanci ya kwashi iyalinsa ya tafi daji ya kwana cikin mota don kawai ya gasa nama. Tambayarka tana bisa hanya, domin a Kano mai son tsire ba ya wuce bakin titi bayan magariba.

Yawancinmu a nan gidajen haya na bene muke zaune, kuma a garuruwa da dama dokar kiyaye gobara ta hana hura gawayi a baranda. Shi ya sa idan zafi ya shigo, daga ƙarshen Mayu zuwa farkon Satumba, gida biyu ko uku kan haɗa kuɗi su yi hayar mota mai ɗaki, wadda take da gadaje da firji da banɗaki, su nufi wuri irin gandun dajin Shenandoah a jihar Bajiniya. Filin kwana ta intanet ake kama shi, wani lokaci tun wata 6 kafin ranar.

Kowane fili yana da teburi da murhun ƙarfe a kafe, amma ba ma ɗora namanmu a kansa, saboda naman alade ya yawaita a gashin mutanen nan, kuma ba ka san abin da wanda ya riga ka ya gasa ba. Da ragar gashinmu muke zuwa. Naman daga shagon halal ake sayo shi, a yanka shi fale-fale tun a gida, a tsire shi, a barbaɗe shi da yajin ƙuli, sannan maza su kewaye wuta suna shafa man gyaɗa har kitsen ya fara ɗiga kan garwashi. A ganina wannan zaman ya fi naman daraja, domin a nan ne yaran da aka haifa a Amurka suke wuni suna jin Hausa a bakin manya.

Dokokin wurin suna da tsauri, kuma muna bin su. Ba a shigo da itace daga nesa sai wanda hukuma ta tantance, don kada ƙwari su kashe bishiyoyi. Ba a barin ko ƙashi a waje da dare, saboda beyar, wata ƙatuwar dabba mai ƙarfin jin wari, tana biyo ƙamshin maiƙo har cikin zango. Komai ruwan sama kuwa, ba a shigar da gawayi mai wuta cikin motar, domin iskar da yake fitarwa tana kashe mutum cikin barci.