Tambaya da Amsa: Ina Zan Kai Yarona Kallon Tsuntsaye a Zariya?

TAMBAYA: Assalamu alaikum Malam. Ina da yaro ɗan shekara 11, da zarar an taso daga Islamiyya ba shi da aiki sai yawo da danƙo a wuya, yau ya kawo kurciya, gobe gwara. Na yi faɗa har na gaji. Kwanan baya muka ga Turawa a talabijin sun fita lambu da madubin hangen nesa suna kallon tsuntsaye, wai haka suke yi idan sanyi ya wuce. Tun ranar ya matsa mini sai na kai shi. A wannan zafi na bazara akwai abin gani a Zariya kuwa? Kuma dole sai na sayi madubin?
Baban Khalifa, Tudun Jukun.

AMSA: Wa alaikumus salam Baban Khalifa. Ka sassauta wa yaron nan. Duk wanda ya iya laɓaɓawa har ya kusanci kurciya ba ta tashi ba, ya riga ya koyi mafi wuyar aikin. Ni ma da danƙo na fara, a gindin rimin unguwarmu cikin birni, har ranar da na auna shamuwa kakata ta gan ni. Dukan da na sha ranar shi ya raba ni da harbi.

Tsuntsayen da ka gani suna kuka a lambunan Turai, da yawansu baƙinmu ne. A nan suke cin kaka da hunturu, sai watan Maris zuwa Afrilu su yi ƙiba su kama hanya. Akwai wani ɗan siriri mai rawayan ciki da ke bin ƙafafun shanu a fadama yana kaɗa wutsiya. Nauyinsa wajen giram 20 ne kawai, amma yana ƙetare Sahara, tafiyar fiye da kilomita 1,500. Su Turawa tarbar tsuntsayen suke yi a wannan lokaci, mu kuwa rakiya muke yi musu.

Suna fita shamuwa na shigowa. Daga ƙarshen Afrilu zuwa Mayu ka riƙa ɗaga kai wajen manyan itatuwan rimi da tsamiya da kuka. Baƙa ce mai farin ciki, kuma a lokacin sheƙa fuskarta kan yi shuɗi da ɗan ja kusa da ido, abin da mutum zai shekara hamsin a garin nan bai lura ba. Rani take yi can kudancin Afirka, irin su Zambiya da Zimbabuwe, ta biyo ruwan sama ta dawo ta yi 'ya'yanta a tsakiyar mutane. Fara da tsutsa ne cimarta, shi ya sa manomi ba ya ƙinta.

Maganar inda za ku je, ku bi ruwa. Zafin da kake kuka da shi taimako ne: kududdufai sun ƙafe, ciyawa ta mutu, ganye ya kaɗe, don haka tsuntsu ba shi da maɓoya kuma dole ya zo sha. Ni na fi zuwa dam ɗin Kubanni da ke Jami'ar Ahmadu Bello a Samaru. Can za ku ga balbela, da zalɓe tsaye a ruwa kamar an dasa shi, da kirinjijiya in an yi sa'a. Daga cikin duhuwa za ku ji ragon maza, kukansa tamkar ana tsiyaye ruwa daga gora. Lambun itatuwa na jami'ar ma yana da inuwa, sai dai ka nemi izini kafin ka shiga. Fadamar Galma ta masu noman rani ba ta rasa baƙi, Dutsen Kufena kuma wurin shaho ne da hasbiya. A hanya kuna iya cin karo da kurege ko guza, da magariba kuma jemagu a kan mangwaro.

Akwai ɗaya da nake so Khalifa ya nema da kansa. Kore ne mai jan maƙogwaro, yana haƙa ramuka birjik a gaɓar rafi inda ruwa ya zaizaye. Ƙudan zuma yake kamawa a sama, ya dawo reshe ya buga kan ƙudan, ya goge harbin, sannan ya haɗiye. Wani Bature, Hilary Fry, da ya koyar a jami'ar nan a shekarun 1960, a kan wannan tsuntsu ya yi bincikensa a kewayen Zariya, ya nuna yadda wasunsu ke taya ma'aurata ciyar da 'ya'yan da ba nasu ba. Yana cikin waɗanda suka kafa ƙungiyar masu nazarin tsuntsaye ta Nijeriya a 1964. Ka ga ke nan abin ba baƙo ba ne a garin nan, mu ne dai muka bar wa baƙi.

Ungulu ce kawai ba zan yi maka alkawari ba. Muna yara ba a iya ƙirga su a mahauta, yau sai ka wata ba ka ga ɗaya ba. Guba da masu sayen sassanta don tsibbu sun gama da ita, har a 2015 aka sa ta cikin jerin halittun da ke dab da ƙarewa.

Madubi kuwa, kada ka ci bashi. Ku fara da ido da kunne da littafin rubutu, kowane tsuntsu kukan gidansu yake yi, da kunne za ku riga gane shi. Idan ya yi wata uku bai gaji ba, ka nema masa na hannu mai lamba 8x42. Manhajar Merlin ta waya, mai taimakawa wajen gane tsuntsaye, kyauta ce, amma babu sunayen Hausa a cikinta, su kuwa wajen tsofaffin manoma da masunta za ku samo su.

Ku fita da an idar da sallar asuba, ƙarfe 9 kuna gida. Ku riƙe ruwa, ku sa rufaffen takalmi saboda macizai na fitowa da zafi, ku bar fararen kaya. Ka tambayi mutanen wuri halin da ake ciki kafin ku yi nisa da gari, ka gaida mai gona kafin ka taka masa kunya. Kada ku auna madubi wajen gidan mutane ko wurin jami'an tsaro. Ni 'yan sintirin wani ƙauye sun taɓa zaunar da ni awa biyu, sai da na miƙa wa shugabansu madubin ya ga cilakowa kamar a tafin hannunsa, daga nan kuma sai da na roƙa kafin ya mayar mini.

Ka ce wa Khalifa ina gaishe shi. Ranar da ya ga shamuwar farko ta bana, ya rubuto mini kwanan wata da unguwar, da irin itacen da ta sauka a kai.