Ril ɗin betkasta na jifan kifin roba mai leɓe, wanne zan saya?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam, barka da ƙoƙari. Ni ma'aikaci ne a nan Abuja, ina zaune a Kubwa, kuma na ɗan jima ina zuwa fatsa ranar Asabar da ƙaramin ril irin wanda ake ɗaurawa a ƙasan sanda. Kwanaki yayana ya dawo daga Amurka ya kawo min tsarabar kifayen roba guda shida masu leɓe a gaba, ya ce kirankbet ake ce musu, da su ake kama kifin bas a can. Na duba YouTube naga duk masu jifansu da betkasta suke aiki, wato ril ɗin da ake ɗaurawa a saman sanda. Da na tashi saye sai na rikice, wani an rubuta 5.4:1, wani 7.1:1, wani 8.1:1, wani kuma an ce boris 18+1 gare shi kuma shi ne mafi arha. Dan Allah wanne zan ɗauka? Kuɗin guda ɗaya tak gare ni.

Amsa: Wa'alaikumussalam ƙanena, Allah ya saka wa yayan naka da alheri, ya iya tsaraba.

Tunda guda ɗaya zaka saya, nemi mai giya 6 da ɗigo wani abu, 6.2:1 ko 6.3:1 ko 6.4:1, girman 150 ko 200, na kamfanin da aka sani. Mai boris 18+1 ɗin nan kuma ka rufe ido ka wuce shi. Toh bari na faɗa maka dalili don kar gobe mai shago ya juya maka kai.

Lambar nan da ta rikita ka ba wani abu bane illa lissafin sau nawa kwarkwaron zare yake juyawa in ka murza hannun ril sau ɗaya. 5.4:1 yana nufin zagaye ɗaya na hannunka, kwarkwaro ya juya sau biyar da kusan rabi, wato ya naɗo maka zare kamar inci 22 ko 23. Mai 7.1:1 zai naɗo wajen inci 28 zuwa 30, mai 8.1:1 kuwa ya haura 30. Ido zai ce maka ai mai sauri ya fi, kuma nima haka na ɗauka farkon shigata. Amma ka tuna keke mai giya. In kana hawan tudun Mpape a babbar giya ƙafarka ce zata gaya maka, in ka sauko ƙaramar giya feda zata yi sauƙi duk da tafiyar ta ragu. Shi kirankbet tudu ne. Leɓen nan da ka gani a gabansa aikinsa shi ne ya tokari ruwa, ruwan ya danna shi ƙasa yana karkaɗa jiki hagu da dama, kuma iya tsawon leɓen iya zurfin da zai nutse, iya nauyin da zaka ji a wuyan hannunka.

Na taɓa wuni da mai 8.1:1 ina jan wani babban mai dogon leɓe, lokacin ina ganin nima na iso. Kafin la'asar wuyan hannuna ya kumbura, washegari ko biro da ƙyar nake riƙewa a ofis, kuma ko kifi ɗaya ban kama ba, don kifin roban gudu yake kamar an biyo shi, yana kwantawa gefe ɗaya maimakon ya nutse. Mutum in yana cikin zumuɗi ba ya iya rage saurin hannunsa, zaka ce zan murza a hankali, minti biyar ka manta. Giyar ril mai ƙaramar lamba ita ce take tilasta maka nutsuwa.

Shi yasa a Amurka masu gasar kama bas suke da ril na musamman don masu zurfi, irin Abu Garcia Revo Winch mai 5.4:1 ko Lew's BB1 mai 5.1:1. David Fritts da ya ci gasar Bassmaster Classic a 1993, wanda kirankbet ne ya yi masa suna, da ril mara sauri aka san shi. Amma su waɗannan mutane ne masu sanduna goma sha a shimfiɗe cikin jirgi ɗaya, kowane kifin roba da ril ɗinsa. Kai mai ɗaya, tsakiya ce taka. Da 6.3:1 zaka ja mai gajeren leɓe da sauri in ka so, ka ja mai nutsewa ƙafa 10 ko 12 ba tare da hannu ya mutu ba. Ka zazzage tsarabar taka ka duba kwalayensu, in Rapala ne irin DT, lambar da ke gaba ita ce zurfin, DT-6 ƙafa 6, DT-10 ƙafa 10, DT-16 ƙafa 16. In kaga mafi yawansu manya ne irin Strike King 6XD da ke kusantar ƙafa 20 ko 10XD da ke wuce ta, toh a nan kam sauko kan 5 da ɗigo.

Yanzu ga maganar da YouTube ba zai gaya maka ba. Bas ba kifin ruwanmu bane, asalinsa Amurka ta Arewa, an dai kai shi wurare irin Afirka ta Kudu da Zimbabuwe da tafkin Naivasha a Kenya. Mafi girman da aka yi rajista a duniya laba 22 da oza 4 ne, kilo 10 da ɗan kaɗan kenan, George Perry ya kama a jihar Jojiya a 1932, sai a 2009 wani ɗan Japan ya yi kunnen doki da shi a tafkin Biwa. Mu kuma abin da zai kai wa kifin robanka hari da gaske giwan ruwa ne da tsage, a irin Kainji da kogin Neja da Binuwai, kuma giwan ruwa yana iya wuce kilo 100. Kaga ril da aka ƙera don kifin kilo 2 ko 3 zai iya haɗuwa da abin da ya fi ƙarfinsa. Saboda haka nake cewa kar ka ɗauki ƙananan nan masu lamba 70 ko 100 komai kyansu, ɗauki 150 ko 200 wanda zai ci zare wajen mita 100, in kuma Lokoja ko Kainji ka nufa da niyyar manya, 300 ma bai yi yawa ba. A nan kusa kamar tafkin Jabi, karfasa da tarwada sun fi yawa a hannun masunta, karfasa kuwa ba ruwanta da babban kifin roba, tarwada ce wani lokaci take kai cafka. Kar ka ce ril ne bai da kyau in ka wuni shiru. Dam ɗin Usuma da ke kusa da ku kuma ruwan shan gari ne, kar ka je ka kafa sanda ba tare da ka nemi izinin masu kula da wurin ba.

Sai birki, wanda a ganina ya fi giya muhimmanci ga sabon shiga. Bambancin betkasta da ril ɗinka na yanzu shi ne, shi kwarkwaronsa da kansa yake juyawa in ka yi jifa. Kifin roba ya tashi da gudu, iska ta rage masa gudu, amma kwarkwaro bai sani ba yana ta juyawa, sai zare ya kumburo ya cukurkuɗe kamar kitson da aka tsefe aka bari. Kirankbet kuma ya fi kowa jawo wannan, don ba shi da nauyi sosai kuma leɓen yana kama iska ya dinga wulwulawa, balle a hunturu da iskar nan take bugo ka ta gaba. Birki iri uku ne. Akwai na maganaɗisu, da lamba a gefe kana murɗawa daga waje, Daiwa sun yi suna a kansa. Akwai mai ƴan ƙananan tubala a ciki da gudun kwarkwaro yake watsa su su goga jikin bango, sai ka buɗe murfin gefe ka kunna ko ka kashe wasu, shi ne salon Shimano. Sai na uku mai ɗan kwamfuta a ciki wanda Shimano suke rubuta wa DC, yana wani kuka in ka yi jifa, yana rage cukurkuɗewa sosai amma da tsada. Ni ga wanda bai taɓa riƙe betkasta ba na fi son na maganaɗisu, don iska na canzawa ka murɗa lamba shikenan, ba sai ka buɗe ril a bakin ruwa wani abu ya faɗa cikin laka ba. Daiwa Tatula mai 6.3:1 ko Shimano SLX 150 mai 6.3:1, duk wanda ka samu na asali a cikinsu ba zaka yi kuka ba, duk da birkin SLX ɗin mai tubala ne. Shimano Curado ya fi SLX, in aljihu ya yarda.

Maganar boris kuwa, boris 5 masu kyau sun fi 18 na gwangwani. Na taɓa sayen irin mai yawan nan wajen wani mai kawo kaya, ranar farko kamar man shanu, damina ɗaya ya fara ƙara kamar injin markaɗe, na buɗe naga tsatsa ja wur, ga giyar ciki ta cinye. Abin dubawa shi ne gangar jikin, in ta alminiyon ce ta fi, don jan kirankbet wuni guda yana murɗa jikin roba giyoyin su daina haɗuwa daidai. Ka duba hannun ma ya zama dogo da manyan mariƙai. Kuma kafin ka biya ka tabbatar da wane hannu kake murzawa, betkasta ba a juya masa hannu kamar naka na yanzu. In ka saba murzawa da hagu kana jifa da dama, nemi na hagu, a Shimano lambarsa tana ƙarewa da 1, wato 151 ko 201.

Akwai tauraro a gindin hannun, shi ne dirag, kamar kulocin mota yake, yana sakin zare in kifi ya ja da ƙarfi. Kar ka ɗaure shi tamau. Ƙugiyoyin kirankbet ƙanana ne masu baki uku, ba sa shiga da zurfi, kifi na girgiza kai suke yage baki su fita. Dalilin da yasa ma ake haɗa shi da sanda mai laushi kenan, ta faiba ko gauraye, ƙafa 7 ko 7 da rabi, mai lanƙwasa tun daga tsakiya. Zare kuma a can Amurka fulorokabon mai laba 10 zuwa 12 suke sawa don yana nutsewa, amma kai fara da zaren roba na mono mai laba 14 ko 15, ya fi arha kuma zaka yanka da yawa kafin hannunka ya faɗa. In wurin tsage zaka je sa ƴar waya taƙi ɗaya a gaba, haƙoransa reza ne, kuma ka canza ƙugiyoyin da zobban da suka zo da kifin roban zuwa masu kauri, giwan ruwa yana miƙar da na asalin.

In ril ya iso kar ka nufi ruwa. Tafi filin ƙwallo da yamma, ɗaura dalma ko wani abu mai nauyin giram 14 ba ƙugiya. Akwai ɗan murfi zagayayye a gefen hannu, ɗaure shi, ɗaga sanda, danna maɓallin sakin zare da babban yatsa, sai ka dinga sassauta murfin kaɗan kaɗan har dalmar ta fara sauka a hankali, in ta taɓa ƙasa kwarkwaro ya tsaya cak. Birki kuma kai shi kusan ƙarshe, kana sabawa kana ragewa. Babban yatsanka ya zauna a kan zare yana shafarsa, dab da faɗuwa ka danne. Wata dabara, jawo zare kamar tsawon jifa ɗaya da rabi, manna salatif a kan sauran da ke kwarkwaro sannan ka naɗe, ko ya cukurkuɗe ba zai wuce salatif ɗin ba. Yara zasu taru suna maka dariya kana kamun kifi a busasshen fili, ni har wani tsoho ya tsaya da kekensa ya tambaye ni ko lafiya.

Cikin shidan nan duk wanda bai kai giram 7 ba ka bar wa tsohon ril ɗinka, betkasta ba ya son abu mara nauyi. Kuma ƙurar hunturun Abuja tana shiga ril ta haɗu da giris ta zama kamar yashi, don haka ka dinga sa shi cikin jaka ko tsohuwar safa, ɗigon mai ɗaya a kowane boris ya isa, in ka dawo gida ka sassauta tauraron kafin ka ajiye.