Tambaya da Amsa: Ɗana Ya Ce Da Ya Mutu Kowa Ya Huta

Tambaya: Assalamu alaikum. Ɗana mai shekara 16 ya canja cikin wata biyu. Ya ƙaurace wa abokansa, ba ya barci sai gab da asuba, ya koma tuƙin ganganci a babur, har kwalbar maganin tari na tsinta a jakarsa. Shekaranjiya ya ce min, "Da na mutu kowa ya huta." Mahaifinsa ya ce tashen balaga ne. Ni kuma ina tsoron in tambaye shi in cusa masa abin a rai.
Wata uwa

Amsa: Wa'alaikumus salam. Baiwar Allah, ki tambaye shi yau. Bincike ya sha nuna cewa tambayar ba ta cusa wa mutum wannan tunani, sauƙi ma take kawo masa. Ki keɓe da shi, ki ce: "Na ji abin da ka faɗa. Kana tunanin kashe kanka ne?" Sai ki yi shiru ki saurara. Ban da faɗa, ban da gori, domin yaron da aka kunyata rufe bakinsa yake yi.

Mahaifinsa yana da 'yar gaskiya. Sashen gaban ƙwaƙwalwa mai taka wa mutum birki ba ya gama nuna sai wajen shekara 25. To amma ganganci da shaye-shaye da keɓewa da ambaton mutuwa a lokaci guda sun wuce ƙuruciya. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a 2021 mutum ya kashe kansa shi ne na uku cikin abubuwan da suka fi kashe 'yan shekara 15 zuwa 29.

Kafin dare ki kulle magunguna, da maganin ƙwari, da duk wani makami, ki karɓe makullin babur. Tsananin yanayin yakan wuce cikin mintoci ko awanni, idan abin cutarwa ba ya kusa.

In ya ce ya tsara yadda zai yi, ko ya taɓa gwadawa, a kai shi asibiti nan take, kada a bar shi shi kaɗai. In ba haka ba, ya ga likitan ƙwaƙwalwa cikin makon nan. Maganin ciwon damuwa yakan ɗauki makonni kafin ya kama, kuma a makonnin farko ake ƙara sa ido. Ki lura: idan ya ware farat ɗaya, ya fara rabar da kayansa yana neman yafiya, wannan alamar haɗari ce, ku koma asibiti.